Nvidia ko TSMC? Amsar tambayar Alhaji

Alhaji, ka ce kana da 'yan daloli a ajiye, ka rasa wanda za ka saya tsakanin hannun jarin Nvidia da na TSMC, kuma yadda kasuwar Banex ta Abuja ke cika maƙil da masu sayen waya ya nuna maka kasuwar cif, wato ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, ba za ta mutu ba. Da girmamawa, ba a Banex ake auna wannan kasuwar ba.

Nvidia zana cif take yi, ba ta da masana'anta. TSMC ta Taiwan, wadda Morris Chang ya kafa a 1987, ita ke ƙerawa: ta yi wa Nvidia, ta yi wa Apple, ta yi wa AMD kishiyar Nvidia. Tela ce a jajibirin sallah, ko wa ya fi ado ta riga ta karɓi kuɗin ɗinki.

Ribar Nvidia ta fi kauri, ba musu. Sai dai manyan masu ɗaukar kayanta 'yan tsiraru ne, irin su Microsoft, Amazon, Google da Meta, masu gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Ranar Litinin 27 ga Janairun 2025, da aka ji kamfanin DeepSeek na China ya gina tasa ƙirƙirarriyar basirar da kuɗi kaɗan, hannun jarin Nvidia ya faɗi da kusan kashi 17 cikin ɗari, dala biliyan kusan 600 ta bi ruwa a wuni guda. Muna ofis a Garki da la'asar, wani abokin aikina ya ƙura wa waya ido har shayinsa ya huce, ya sayar da nasa a firgice. A watan Yuli darajar kamfanin ta haura dala tiriliyan 4. Har yau ba ma tayar masa da zancen.

Ita ma TSMC ta sha ƙasa ranar, amma babban ciwonta daban ne: China na cewa Taiwan tata ce, kuma duk da masana'antarta ta Arizona a Amurka, yawancin aikin a tsibirin yake.

In buƙatar cif kake son aunawa, TSMC na fitar da cinikinta duk wata, waɗancan huɗun kuma duk wata uku suna faɗin abin da za su kashe. Ka tuna ƙarancin cif na 2021: kowa ya yi oda fiye da buƙatarsa, kaya suka jibge kamar tumatir a kaka, har Micron, mai ƙera cif ɗin adana bayanai, ta tafka asara a 2023.

Ni dai TSMC na fi ba ƙarfi, kuma kaɗan-kaɗan nake saya, da kuɗin da ba na makarantar yara ba.