Wata uku ina amfani da jQuery a shafin kantin Yayata

Yayata tana sayar da atamfa da leshi, ni kuma na yi karambanin cewa zan haɗa mata shafin intanet. Kowane kaya na sa shi cikin kati: hoto, farashi, sai ƙaramin maɓallin "Saka a kwando" da alamar kwando a jikinsa. A taɓa kati ya buɗe bayanin kaya, a taɓa maɓalli kaya ya shiga kwando. Haka na tsara a raina.

Washegari ta kira ni. "Kai, abin nan naka aljanu gare shi? Na danna kwando, sai ga bayanin leshi ya rufe min fuskar waya."

Ba aljanu ba ne. Dannawa ba ta tsayawa inda yatsa ya sauka. Daga alamar take haurawa zuwa maɓalli, daga nan zuwa kati, har can saman shafi, kuma duk wanda aka sa sauraro a hanya sai ya amsa. Ga wata matsalar: kayan da ke fitowa bayan an danna "Ƙara gani" ba sa amsawa sam, don lokacin da na raba aikin sauraron ba su iso ba.

A nan jQuery, wani tarin shiryayyun umarni na JavaScript (yaren da ke sa shafi ya amsa taɓawa), ya burge ni. Da umarninsa na on, wanda ya zo a siga ta 1.7 a 2011, mai sauraro ɗaya na ɗora a kan uwar jerin, na faɗa masa sunan maɓallin da zai kula da shi. Sabon kaya da tsoho duk suka amsa. Abin da ya fi yi min daɗi, ko yatsa ya faɗa kan 'yar alamar, kalmar this da ke cikin umarnin maɓallin take nunawa. Kafin haka na ɓata dare guda da event.target, mai nuna ainihin inda yatsa ya sauka, ina neman lambar kaya a jikin alamar da ba ta ɗauke da komai, ina ta samun undefined, wato babu komai, har wutar lantarki ta ɗauke.

Inda na ji haushi shi ne return false. A jQuery aiki biyu yake yi a ɓoye: ya hana abin da burauza ta saba yi, ya kuma tare dannawar kada ta haura. Katin ya daina buɗewa, na yi murna, ashe jerin zaɓin da ke rufewa idan an taɓa wani wuri shi ma ya daina rufewa, tunda labari ba ya kai masa. Tsofaffin darussa kuma har yau suna koyar da live, tsohon umarnin da on ya maye gurbinsa, alhali an cire shi tun siga ta 1.9 a 2013.

Daga ƙarshe na bar dannawar ta haura abinta, sai na sa katin ya duba da closest, umarnin da ke bi sama yana neman abin da aka ambata masa, ko daga cikin maɓalli ta fito. In haka ne ya yi shiru. Nan na lura burauzojin yanzu suna da closest nasu na gida. To don wannan kaɗai zan sa kwastoma mai lallaɓa data ya sauke jQuery mai kusan kilobayit 30?

Na Yaya dai na bar shi yadda yake, tunda oda na shigowa kuma ta daina kirana da sassafe. Shafin mai turaren da na fara makon jiya, da JavaScript zalla nake rubuta shi.