Shayin rage ƙiba da na sha na kwana goma, da abin da ya biyo baya

Ni tela ce a Kano, wuni nake a kan keken ɗinki, kuma tun da na haifi autana jikina bai koma daidai ba. Ciwon gwiwa ne ya kai ni asibiti. Aka ɗora ni a sikeli, kilo 88, tsayina kuwa mita 1.60 ne. Likitar ta yi lissafinta ta ce ma'aunin nauyina da tsayina ya kai 34, alhali daga 30 ake cewa ƙiba ta zama abin damuwa. Jinina ma ya hau, 145 bisa 92. Ta ce in rage zaƙi, in riƙa tafiyar ƙafa. Na ce to, amma a raina gajeriyar hanya nake nema.

A wani zauren WhatsApp na mata na ga tallar shayin. Ba zan faɗi sunansa ba, don irinsa sun cika kasuwa, kwali ne kawai ya bambanta. Ƙulli 28 ne a ciki, ɗaya da safe ɗaya da dare, naira dubu 15. Mai sayarwa ta ce min, "Hajiya, kwana bakwai kacal, zanenki zai fara kwancewa."

Ɗanɗanonsa ba laifi, ɗan ɗaci-ɗaci da ƙamshin na'ana'a. Daren farko na sha bayan isha'i, kafin asuba cikina ya murɗa. Sau huɗu na zaga kafin rana ta ɗaga. Na kira mai sayarwar, ta ce dattin ciki ne ke fita, in yi haƙuri. A mako na farko sikeli ya nuna na sauke kilo biyu, na yi murna sosai, har na tura wa ƙanwata hoto. Sai dai a mako na biyu jiri ya fara ɗibata. Wata rana ina tsaye ina yanka leshin wata amarya, almakashi a hannuna, sai na ga teburin yana juyawa, na dafa bango na zauna a ƙasa. Bakina a bushe, zuciyata na bugawa da sauri, barci ma ya ƙaurace min.

Innata ce ta gano abin. Ta buɗe ƙulli ɗaya a tafin hannunta, ta shinshina, ta ce, "Ke 'yar nan, ai wannan filasko ne." Na duba rubutun jikin kwalin, ga shi kuwa an rubuta senna, dangin filaskon da iyayenmu ke jiƙa wa mai taurin bayan gida. Ganyen gudawa ne, ruwan jiki yake kwashewa tare da gishirin da zuciya da tsoka ke buƙata, kitse kuwa yana nan inda yake. Da na daina sha, kilo biyun nan suka dawo cikin kwana biyar, kuma na yi kusan mako guda ina fama kafin cikina ya koma aiki da kansa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ba wanda ya tambaye ni ko ina da hawan jini, ko ina shayarwa, kafin a karɓi kuɗina.

Na koma wajen likitar da kwalin a jaka. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, da sassarfa yadda zan iya magana amma numfashina ya ɗan hau. Ta kuma nuna min cewa robar lemon kwalba mai rabin lita tana ɗauke da sukari sama da ƙaramin cokali goma. Ni kuwa biyu nake sha kullum a shago.

Yanzu wata biyar ke nan muna fita bayan sallar asuba, ni da maƙwabciyata, da hijabanmu da takalman kambas, mu zagaya unguwa kafin 'yan adaidaita su cika titi. Makon farko gwiwata ta yi tsami, minti goma kawai nake iyawa. A hankali na kai arba'in. Lemo na maye gurbinsa da zoɓo marar sukari, tuwon dare na koma malmala ɗaya, na ƙara miyar ganye da kwaɗon zogale. Ranar biki nakan ci abin da aka ci, ba na takura wa kaina.

Jiya na hau sikeli, kilo 81. Jinina ya sauko 130 bisa 84, kuma ina iya zaman tahiya ba tare da na miƙe ƙafa ba. Shayin dai ba zan ba kowa shawarar saye ba, musamman mai shan maganin hawan jini ko mai goyo. Ƙulli 9 da suka rage na zubar da su, kwalin kuma na ajiye shi a shago, ina nuna wa duk matar da ta zo a rage mata riga tana tambayata me na sha.