Injin Huda Mai Batir da Na Saya wa Kaina Maimakon Shaddar Sallah

A goman ƙarshe na azumin da ya wuce, bayan na gama sayen atamfar uwargida da yadin yara a Kantin Kwari, na kai wa tela, na kuma ware zakkar fidda kai, sai na ga abin da ya rage a hannuna daidai yake da kuɗin shadda matsakaiciya da ɗinkinta. Ina da manyan riguna biyu da ko sau uku ban sa kowaccensu ba, alhali sandar labulen falo ta yi wata huɗu a jingine tana jiran kafintan da zai zo ya kafa ta. Saboda haka na nufi Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gini, na sayi injin huda mai aiki da batir a matsayin kayan Sallar kaina. Yanzu da na yi watanni ina aiki da shi, ina ganin zan iya faɗin abin da na gani a kansa bisa adalci.

Nawa ba ya cikin fitattun sunaye irin Bosch na Jamus ko Makita na Japan, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin abin da na ware. Yana daga cikin matsakaitan da ake ƙerawa a China, waɗanda mutum zai tarar da kusan siffa ɗaya a shaguna daban-daban da launi da suna daban-daban. Ya zo a akwatin roba tare da batir biyu, caja ɗaya, da jerin tsinkayen huda da bakunan sukudireba. Bakinsa yana riƙe tsinke har mai kaurin milimita 13, yana da giya biyu, yana juyawa gaba da baya, kuma akwai zobe mai lambobi a wuyansa wanda ke ƙayyade ƙarfin ɗauri. A ƙarshen lambobin akwai alamar tsinke don huda katako da ƙarfe, sai alamar guduma don bango.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci a kasuwa shi ne batir, kuma a nan nake ganin masu saye suka fi yin asara. Na ga injina da aka rubuta wa bolt 48, wasu ma 88 ko fiye, a kan batirin da bai fi nawa girma ba. A cikin irin wannan batir akwai ƙananan batura na litiyam guda 5 da aka jera, kowane ɗaya yana ba da kimanin bolt 3.6, wanda jimillarsa ta zama bolt 18. Idan an cika su da caji kowane yakan kai bolt 4 ko ɗan sama da haka, shi ya sa ake rubuta bolt 20 a wasu kwalaye. Kamfanin DeWalt ma yana sayar da irin wannan batir da lambar 20 a Amurka, da lambar 18 a Turai. Duk lambar da ta zarce haka nesa a kan batir mai wannan girma, ado ce kawai. Lambar da ta fi amfani ita ce wadda ke nuna yawan wutar da batirin ke ɗauka. Nawa an rubuta 2.0Ah, wato idan aka ninka da 18 zai ba da wat 36 na tsawon awa guda. Na ɗaga batura da dama a hannu kafin na zaɓa, domin wanda ya cika sauƙi yawanci ƙananan baturan cikinsa ba na kirki ba ne, kuma mai shagon, dattijo mai haƙuri, bai hana ni gwadawa ba.

Aikin farko da na yi da shi, kwana biyu kafin Idi, shi ne sandar labulen. Bangon gidanmu na bulo ne da filasta, kuma da na sa zoben a kan alamar guduma na yi amfani da tsinke mai milimita 6, kowane rami bai ɗauke ni fiye da rabin minti ba. Daga nan na kafa katakon ajiye littattafai a ɗakin yara, na ɗaure ƙyauren kabad ɗin kicin da ya daɗe yana lilo, na maƙala fanka a bangon zaure. Batir ɗaya ya ishe ni duk wannan, da saura. A wajen ɗaura sukuru ne na fi jin daɗinsa, domin zoben lambobin yana sa bakin ya saki da kansa da zarar ɗauri ya kai inda aka saita, saboda haka sukurun ba ya nutsewa ya fasa katako, kansa kuma ba ya lalacewa. Ga katakon kabad na zamani, wanda garin katako ne aka matse, ƙananan lambobi suka fi dacewa. Ƙaramar fitilar da ke ƙarƙashin bakin ta yi mini amfani fiye da yadda na zata, musamman a cikin kabad da kuma daren da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki.

Inda ya gaza shi ne kankare. Da na zo kafa sandar labule ta biyu, ramin gefe ɗaya ya faɗa kan linta, wato kankaren da ke saman taga, sai injin ya yi ta ƙara yana zafi, tsinken bai shiga ko rabin inda nake so ba. Gudumar irin wannan inji girgiza ce kawai da wasu fayafai biyu masu haƙora ke haifarwa yayin da suke gogar juna, kuma ta isa ga bulo amma ba ta isa ga kankaren da aka zuba da tsakuwa da rodi ba. Wannan aikin na babban inji ne, wanda masu sana'a ke kira SDS, mai bugawa da ƙarfin gaske. Sai da na aro shi wurin maƙwabcina mai aikin wayarin, ya huda wurin cikin daƙiƙu. Duk wanda gidansa dakin ne, wato mai rufin kankare, ko yake da niyyar huda ginshiƙi, ya san wannan kafin ya ba da kuɗinsa.

Tsinkayen da suka zo a akwatin ba su da inganci. Na bango ya dakushe bayan ramuka kaɗan, na ƙarfe kuma ya karye a kan ƙyauren gida. Na koma kasuwa na sayi na bango guda biyu, milimita 6 da 8, masu ƙarfe mai tauri a tsini, kuma har yau su nake amfani da su. Cajar ma tana da jinkiri, tana ɗaukar sa'o'i kafin ta cika batir ɗaya, abin da ke da wahala a unguwar da wuta ba ta daɗewa. Ba don batir biyu ne ba, da na sha tsayawa a tsakiyar aiki. Abin da ya fi damuna shi ne batun gaba. Batirin litiyam yana raunana da shekaru ko ana aiki da shi ko ba a yi, kuma yawanci batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani, to ba ni da tabbacin zan sami irin nawa ranar da waɗannan suka mutu. A nan manyan kamfanoni suka fi, domin batir ɗaya nasu yana shiga injin huda da zarto da injin goge ƙarfe, kuma ana samunsa shekara da shekaru.

Zafin bazara a Kano yakan wuce digiri 40, kuma zafi shi ne babban abin da ke kashe irin wannan batir, don haka ba na barinsa a mota ko a rana, ba na kuma sa shi a caji da zarar na gama aiki sai ya huce. Wanda zai sayi na gwanjo da aka shigo da shi daga Amurka ya duba bayan cajar, domin da yawa an yi su ne don wutar bolt 120, tamu kuwa 230 ce, kuma za ta ƙone a karon farko. Haka kuma ba na huda daidai saman soket ko makunnin wuta, tun da yawanci ta nan wayoyi ke bi a cikin bango, kuma ina sa tabarau saboda ƙurar siminti.

Ga magidanci mai ƙananan gyare-gyare a gidan bulo, wannan inji ya cancanci kuɗinsa, muddin ya ƙara ɗan abu ya sayi tsinkaye masu kyau. Ga kafinta ko mai wayarin da zai ci abinci da shi kullum, ina ba da shawarar ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin na babban kamfani. Ni dai na je Idi da rigata ta bara, baƙi suka zauna a falo mai labule, kuma tun daga lokacin ɗana na fari, mai shekara 13, shi ke riƙe mini awo da fensir duk ranar Asabar da muka sami abin gyarawa.