Titus ko kwalbar omega 3: wanne ya cancanci kuɗinka in don ido kake saye?

Ka hau babbar bas daga Oshodi zuwa Agege a Legas sau uku, da wuya ba ka ci karo da mai tallar "man kifi mai wanke ido" ba. A kemis ma kwalaben omega 3 sun cika kanta guda, wasu daga Ingila, wasu daga Indiya, wasu kuma Allah kaɗai ya san inda aka ɗura su. Ni na zuba kuɗi a wannan harka, na kuma ji jiki, don haka ba zan ɓoye inda na karkata ba: ina bayan kifin titus.

Maganar omega 3 da ido tana da tushe. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri da likitoci ke kira retina, shi ke karɓar haske ya aika saƙo ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ke cafke hasken da kitse aka gina jikinsu, kuma kaso mai tsoka na wannan kitsen wani nau'in omega 3 ne mai suna DHA. Jiki ba ya haɗa shi da yawa da kansa, sai an ci. Hukumomin Tarayyar Turai sun yarda a rubuta a jikin kaya cewa DHA yana taimakawa wajen riƙe lafiyar gani ga wanda ke samun miligiram 250 a rana. Game da idon manya, iyakar abin da suka yarda a faɗa ke nan. Sauran alkawuran na mai talla ne.

To ga lissafin da ya sa na bar kwalba. Ƙwayar man kifi da aka fi sayarwa, wadda za ka ga an rubuta mata 1000 da manyan baƙaƙe, DHA ɗin da ke cikinta yawanci miligiram 120 ne, sai ɗan'uwansa EPA miligiram 180. Wannan dubun nauyin man ne gaba ɗaya. Shi kuwa titus, yanka mai nauyin giram 100 yana ɗauke da DHA kusan miligiram 1,400. Wato yanka ɗaya a cikin farfesu ya haura ƙwayoyi goma, ga ƙoshi, ga bitamin D da B12 a kai. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma shawararta a ci kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo. Titus na cikin kifayen da ba su tara sinadarin makuri mai guba da yawa, don haka mai ciki ma ba a hana ta shi ba.

Amma sai an iya saye. Titus daga tekuna masu sanyi ake kawo shi a daskare cikin kwali, ya sauka a ɗakunan sanyi irin na Ijora, daga nan ya bazu Mile 12, Agege da Oyingbo. Na gaske bayansa shuɗi-shuɗi ne mai baƙin zane a lanƙwashe, cikinsa fari kamar azurfa, fatarsa sumul. In ka shafa gefensa wajen wutsiya ka ji layin ɓawo mai tauri yana kartar yatsa, wani kifi ne daban, kote, a biya shi kuɗin kote. Matar da nake saya wajenta, wata Bayarabiya mai faɗa amma mai gaskiya, ita ta koya mini duba kwali: in ka ga ƙanƙara ja-ja ta taru a gindinsa, kifin ya narke an sake daskarar da shi. "Malam, danna ka ji," in ji ta. In yatsa ya lotsa bai dawo ba, ko cikin ya fashe, a bar shi. Wannan ba tsirfa ba ce a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Titus da ya kwana cikin zafi yakan tara wata guba mai sa ƙaiƙayi, jan fuska da ciwon kai, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A gida kuma a gasa shi ko a yi farfesu. Wanda ya soya shi ƙayau a cikin man da aka yi suya uku da shi, ya yi asarar wani ɓangare na abin da ya biya.

Sauran kifayen? Shawa tana da mai sosai kuma ta fi araha, in za ka iya da ƙaya. Sadin na gwangwani ya wadatar ga gwauro. Panla ba shi da mai, tarwadar gona da karfasa kuma daɗin baki ne kawai ta wannan fuska. 'Ya'yan chia da makamantansu da ake tallatawa a Instagram wani omega 3 ne daban mai suna ALA, kuma ɗan kaɗan jiki ke iya juyawa zuwa DHA. Man hantar kifi, wanda iyaye suka daɗe suna ɗura wa yara, yana da bitamin A da yawa, mai ciki kada ta sha sai likita ya ce. Omega 3-6-9 kuwa wayo ne: 6 da 9 suna nan dankam a man gyaɗar da ke kicin ɗinka.

Ban ce kwalba ba ta da amfani ba. Wanda ba ya cin kifi sam, ko ƙarninsa ke tayar masa da zuciya, ƙwaya mai kyau ta fi babu, akwai ma wadda ake tatsa daga gansakukar teku. Sai dai a san abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna. Cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta yi wani nazari mai suna AREDS2 a kan mutum sama da 4,000 masu lalacewar tsakiyar retina ta tsufa, aka fitar da sakamako a 2013: ƙarin omega 3 na ƙwaya bai rage ci gaban cutar ba. A 2018 wani nazarin mai suna DREAM ya gwada shi a kan bushewar ido, waɗanda aka ba man kifi ba su fi waɗanda aka ba man zaitun samun sauƙi ba. Mai talla a bas ba zai taɓa gaya maka wannan ba.

Ni ma ban sani ba lokacin da Hajiyarmu ta zo daga gida tana kukan hazo-hazo a ido. Wani a zauren WhatsApp na 'yan unguwa ya ce yana da omega "na Dubai" mai narkar da yanar ido. Na sayi kwalba uku. Kullum da safe in miƙa mata, ta karɓa ta haɗiye, ta ce, "Kai wannan yaro, gyatsar abin nan har la'asar." Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Na ce, "Hajiya, a daure, aiki yake yi." Wata biyar muna a haka, har ta daina gane kuɗi a hannu. Ranar da muka je asibiti, likitar ta haska idon ta ce yana ce ta nuna, aiki kawai za a yi, babu ƙwaya ko ɗigo da ke narkar da ita. Da na koma gida na fasa ƙwaya ɗaya da allura, wari ya buge ni irin na tsohon man suya mai maƙaƙi. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, babu, adireshin kamfani babu, ranar lalacewa kuma an liƙa ta ne da wata takarda a kan wata.

Saboda haka in dole sai ka sayi kwalba, juya bayanta kafin ka ciro kuɗi. Nemi inda aka rubuta DHA da EPA daban-daban da lambobinsu, ka kuma duba ko lissafin na ƙwaya ɗaya ne ko na biyu, don nan ake yi wa mutane rufa-ido. Duba lambar NAFDAC, ka bincika ta a rumbun Greenbook na hukumar ta wayarka, saboda buga lamba a kwali ba ya yi wa ɗan damfara wuya. A watan Fabrairun 2025 hukumar ta rufe kasuwar magani ta Idumota tare da ta Onitsha da ta Aba saboda jabu da magungunan da suka lalace, ka ga abin ba zargi ba ne. Man kifi ba ya son zafi da haske, don haka kwalbar da ta wuni a faranti a ƙarƙashin gada, ko a tagar shago rana na dukanta, ko kyauta ce bar ta. Ƙwayoyin da suka manne da juna su ma sun sha zafi. Sannan ga abin da 'yan uwa Musulmi ba su cika lura da shi ba: kwanson ƙwayar da jelatin ake yi, wani na saniya, wani na kifi, wani na alade. In ba a bayyana ba, ko babu tambarin halal, tambayi mai kemis, in ya fara kame-kame ka yi gaba. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuma ya fara jin ta bakin likitansa.

Duk wanda ya ce maka kwalbarsa tana maganin yanar ido, hawan jinin ido, ko lahanin da ciwon suga ke yi wa retina, maƙaryaci ne ko da yana rantsuwa. Hawan jinin ido ma yawanci ba ya ciwo a farko, ganin da ya ci kuma ba ya dawowa, awo ne kaɗai ke kama shi. Ga cibiyar ido a asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, tsakiyar mutanenmu, ga LASUTH a Ikeja. Mai ciwon suga ya je a duba masa bayan ido ko sau ɗaya a shekara.

Hajiya an yi mata aiki a ido ɗaya, ɗayan yana jiran lokacinsa. Yanzu da kanta take zare ƙayar titus a faranti, tana mitar cewa kifin Legas bai kai ragon ruwa na gida daɗi ba.