Hattara da masu sayar wa marubuta sharhin jarida

Wannan gargaɗi na duk wanda ya fitar da littafi ne kwanan nan ko yake shirin fitarwa, musamman littattafan da ba ƙagaggen labari ba, irin su tarihi, tarihin rayuwa, kimiyya, siyasa da kiwon lafiya. Ya kuma shafi ƙananan kamfanonin ɗab'i da ba su da ma'aikacin tallata littafi na kansu. Akwai waɗanda suka mai da ƙishin marubuci na a san littafinsa hanyar cin abinci, kuma ba sa jira ka neme su. Da zarar littafi ya hau Amazon ko Goodreads (shafin da masu karatu ke rubuta ra'ayinsu kan littattafai), ko kamfani ya saki jerin abin da zai fitar a bana, sai saƙonni su fara ruwa.

Saƙon farko ba ya maganar kuɗi. Yabo ne zalla. Mai shi zai ce shi ƙwararre ne wajen haɗa marubuta da kafafen yaɗa labarai, ya ambaci sunan littafin daidai, ya ɗauko batun da ka fi wahala a kansa ya ce ya taɓa masa zuciya, sannan ya yi takaicin yadda aiki irin wannan yake zaune da sharhi uku kacal a Amazon. Idan ka natsu ka sake karantawa za ka ga duk abin da ya faɗa yana cikin 'yan layukan da ke bayan bangon littafin, bai buɗe shafi ko ɗaya ba. A da ana kama su da gurɓataccen rubutu. Yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke tsara musu wasiƙar, sumul ba tangarɗa, kowane marubuci da tasa.

Kana amsawa sai a buɗe jaka. Za a sama maka sharhi hamsin masu taurari biyar. Za a sa ka a wata babbar jarida. Akwai ƙungiyar masu karatu mai mutum dubbai da ta zaɓi littafinka, ba a biyan komai, sai ɗan tukwici ga kowane mai karatu. Gurbi biyu ya rage, Juma'a ake rufewa. Kuɗin kuwa a turo ta kirifto (kuɗin intanet), ko katin kyauta, ko asusun wani mutum da sunansa bai yi kama da na kamfanin ba, wato duk hanyar da kuɗi ba ya dawowa.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne rashin sanin yadda ake yin aikin na gaskiya. Kamfanin ɗab'i na aika kwafin littafi ga editoci watanni kafin ranar fitowa. Mujallar Publishers Weekly, alal misali, tana son ya iso mata wata uku zuwa huɗu kafin nan. Daga nan magana ta bar hannun kamfani. Edita ya ga dama ya ba wani ya yi sharhi, ya ga dama ya tura shi cikin tarin da ba za a taɓa waiwaya ba, kuma yawancin littattafai can suke ƙarewa. Mai tallata littafi na ƙwarai ana biyansa, wani lokaci da tsada, amma ladan ƙoƙarinsa da sanayyarsa ake biya. Zai gaya maka waɗanda zai tuntuɓa da yadda zai gabatar da kai, ba zai rantse maka cewa jarida kaza za ta buga ba, don ba shi ne editanta ba. Wanda ya ce "tabbas za ka fito", to ɗayan uku ne. Ko talla zai saya maka a kira shi labari, ko ya sa ka a wani shafi da shi ya ƙirƙira mai suna kama da na sananniyar jarida, ko ya yi ɓatan dabo da kuɗinka.

Kar a ce na yi kuɗin goro. Akwai sharhin da ake biya a fili: mujallar sharhin littattafai ta Kirkus tana da sashen da marubuci ke biyan ɗaruruwan dala a karanta littafinsa. Amma sun faɗa tun farko cewa kuɗin na karatu ne, sharhin na iya fitowa da ɗaci. Ni ban cika ganin ribar hakan ga ƙaramin marubuci ba, sai dai ba damfara ba ce, tunda ka san abin da ka saya.

Sayar da yabo tsohuwar sana'a ce. A 2012 jaridar New York Times ta ba da labarin Todd Rutherford, wanda ke karɓar dala 99 kan sharhi ɗaya, 499 kan ashirin, 999 kan hamsin, kuma galibin masu rubuta masa ba sa karanta littattafan. A 2015 Amazon ta kai ƙarar mutum sama da 1,000 da ke tallan sharhin ƙarya a Fiverr (shafin da mutane ke tallan ƙananan ayyuka), a 2022 ta sake kai ƙarar masu gudanar da zaurukan Facebook sama da 10,000 kan irin wannan ciniki. Dokar Amazon ta yarda ka ba mutum littafi kyauta muddin ba ka gindaya masa sharaɗin sai ya yi sharhi ba, amma biya haramun ne. Idan aka gano, sharhin ake sharewa, wani lokaci a rufe asusun, kuma asusunka ne, ba na dillalin ba. Hukuma ma ta shigo. A Amurka dokar hukumar kare masu saye (FTC) da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta hana saye da sayar da sharhin ƙarya, tarar da aka sanar lokacin ta kai dala 51,744 kan kowane laifi. Birtaniya ta bi sahu a Afrilun 2025. A lura da kalmar saye. Wanda ya biya ma yana cikin ƙura.

A nan ne marubucin littafin ilimi ya fi kowa asara. Yawancinsu likitoci ne, malaman jami'a, 'yan jarida, tsofaffin ma'aikata, mutanen da suka kwashe shekaru suna tara mutunci a fagensu, kuma sau da yawa littafin nan shi ne na farko. Sun san aikinsu ciki da bai, ba su san kasuwar littafi ba, ga shi suna jin nauyin tambaya. Littafin bincike da amana yake tafiya. Ranar da abokin aiki ya ga sharhi arba'in sun sauka cikin kwana biyu, duk da salo ɗaya, babu wanda ya ambaci ko babi guda, daga ranar zai fara kallon alƙaluman da ke cikin littafin da wani ido.

Sai masu sojan gona, su ne suka fi wuyar ganewa, domin suna ɗaukar sunan edita ko wakilin marubuta na gaske, har da hotonsa. Ka bincika sunan, ka ga mutumin yana nan, hankalinka ya kwanta. A adireshin imel ɗin asirin yake. Filippo Bernardini, wani ma'aikacin kamfanin ɗab'i da aka kama a New York a Janairun 2022 ya kuma amsa laifi shekara guda bayan haka, ya yi rajistar adireshin bogi sama da 160 ya yaudari mutane suka tura masa rubuce-rubuce sama da 1,000 da ba a buga ba. Ɗaya daga dabarunsa ita ce ya sa r da n a jere a madadin m. A ƙaramin allon waya rn da m tamkar tagwaye suke. Waɗanda ya yaudara ɗin nan ƙwararru ne da suka tsufa a harkar, ballantana sabon shiga.

Kuma abin ba ya tsayawa a ɗan kuɗi. A Janairun 2025 masu gabatar da ƙara a California suka bayyana tuhumar mutum uku da ke da alaƙa da wani kamfani mai suna PageTurner, bisa zargin karɓe kusan dala miliyan 44 daga marubuta sama da 800, yawanci tsofaffi, da alƙawarin cewa manyan kamfanonin ɗab'i da na fim sun zaɓi littattafansu. Haka tsarin yake, hawa-hawa: yau kuɗin sharhi, gobe kuɗin bajekolin littattafai, jibi kuɗin lauya da haraji kafin a saki wata kwangila da ba ta wanzu ba. Wanda ya biya sau ɗaya sunansa ya shiga jerin masu biya. Wasu ma idan ka ƙi sai su juya zuwa barazana, ko ka biya ko su cika shafin littafinka na Goodreads da tauraro ɗaya-ɗaya. Kar ka biya, kar ka amsa, ka ɗauki hoton saƙon ka kai rahoto ga masu shafin.

Idan saƙo ya zo da sunan wata jarida ko kamfani, kar ka danna komai a ciki. Ka je shafinsu da kanka, ka nemo lambarsu ko adireshinsu, ka tambaya ko sun san mutumin. Idan mai tallatawa ne, ka nemi sunayen littattafai uku da ya yi wa aiki, sannan ka nemi marubutan ta hanyarka, ba ta lambar da ya ba ka ba. Ka yi masa tambaya ɗaya daga tsakiyar littafinka ka ji amsa. Shafin Writer Beware, da Victoria Strauss ke kula da shi tun 1998, yana tara sunayen irin waɗannan kamfanoni, ka duba kafin ka fitar da ko sisi, duk da cewa suna sauya suna da zarar an fallasa su. Idan kana da kamfanin da ya buga maka, tura musu saƙon. Su ma kamfanoni ya kamata su gaya wa kowane marubuci tun ranar sa hannu sunan wanda zai riƙa tuntuɓarsa kan hira da sharhi, da adireshin da zai zo ta kai.

Wanda ya riga ya biya ya kira bankinsa yau, ba gobe ba, ya adana saƙonni da rasit, ya kai ƙara ga hukumar da ke kula da zamba a ƙasarsa. Ya kuma shirya, nan da 'yan makonni wani zai bugo ya ce shi lauya ne ko jami'i mai ƙwato wa waɗanda aka damfara kuɗinsu, sai dai a fara biyan kuɗin buɗe fayil. Sau da yawa mutanen farko ne suka sauya suna suka dawo.