Wata goma da shafin siramik a kan turbo da wuyan salansa

Wata robar bututun ruwa ta motata ce ta kai ni ga wannan shafin siramik, wato rufin da ake yi wa ƙarfe don tsare zafi. Sau biyu tana soyewa a gefen turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don tura wa inji ƙarin iska, in ka matsa ta sai ta ruguje a hannunka kamar busasshen ganye. Ba laifinta ba ne. A injin fetur mai turbo, hayaƙin da ke fitowa yakan haura digiri 900 a ma'aunin Salshiyas idan an taka mota sosai, har ka ga ƙarfen ya yi jajawur da dare.

Da farko na bi hanyar arha, na sayi fentin gwangwani mai jure zafi. Na goge ƙarfen da sanfefa sama-sama, na fesa, na ɗaura. Ko sati biyu bai yi ba ya fara saɓulewa kamar saɓar maciji. Ni na jawo: ban gasa shi yadda aka rubuta a jikin gwangwanin ba, wato a kunna inji ya ɗauki zafi, a kashe ya huce, har sau uku, ga kuma tsatsa da maiƙo da na binne a ƙarƙashinsa.

Karo na biyu na kwance komai na kai wa masu aikin shafa siramik. A nan na gane shafin kansa shi ne ƙaramin aiki. Sai da suka gasa ƙarfen don man da ya sha ya fito, suka feshe shi da yashi mai ƙarfi har ya koma toka-toka, sannan aka shafa siramik ɗin siriri, bai kai kaurin farce ba, aka mayar tanda. Na lura sun rufe fuskar da gasket (abin da ke toshe mahaɗar ƙarafa biyu) ke zama, da zaren noti, da ramin na'urar auna oksijin. Cikin turbo ma, inda fanka ke juyi fiye da sau 100,000 a minti, ba su taɓa ba. Tazarar da ke wurin ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ɓarɓashi ɗaya ya isa ya ci fiffiken.

To, ya biya? Ta fuskar zafi, ƙwarai. In na buɗe bonet bayan doguwar tafiya, hucin da ke dukan fuskata ya ragu, sabuwar robar kuma har yau da laushinta. Tsatsa babu, in ban da wuri ɗaya da zan ambata. Amma kada ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga ya ruɗe ka: a kan shafi mai ƙyalli yana nuna ƙasa da ainihin zafin, don haka ban ɗauki lambarsa a bakin komai ba.

Batun ƙarin ƙarfi fa, an ce hayaƙi in ya riƙe zafinsa, turbo kan tashi da wuri. A lissafi haka ne. Ni dai ƙafata ba ta ji wani bambanci ba.

Abin da ya ɓata mini rai, shafin ba ya son duka. Sifana ta kuɓuce wa makanikena wajen ɗaurawa, ta ɓantare ɗan wuri kamar ƙwayar wake, nan take kuwa wurin ya fara ja saboda tsatsa. Ɗigon baƙin mai ma in ya ƙone a kai, tabon ya zauna ke nan. Kuma har yanzu nakan bar inji ya yi minti biyu a tsaye kafin in kashe, domin shafin bai hana mai ƙonewa a cikin turbo ba.