Masu gyaran fili kafin sanyi: tauraro uku na ba su, shi ma albarkacin bututu

Jama'a barkanmu da war haka. 'Yan uwa da suka sayi gida a nan jihar Minesota ta Amurka suna ta tambayata wai ya fi a kira masu gyaran fili kafin sanyi ko mutum ya yi abinsa da kansa, to bana na kira su, ga yadda ta kaya.

Bara ban yi komai ba wallahi, shekararmu ta farko kenan a gidan, a tunanina sanyi ai sanyi ne, mu da muka sha hunturun Zariya har kaushi ya tsattsaga mana ƙafa. Na bar tiyo a jikin famfon waje na yi kwanciyata. Ashe ruwa in ya daskare kumbura yake, yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, bututu kuwa ba shi da inda zai kai shi sai ya tsage. Ba mu ma sani ba sai watan Afrilu da na buɗe famfon ruwa ya dinga bin cikin bango yana sauka ɗakin ƙasa, kan akwatunan lefen uwargida tsaf. Ba sai na faɗa muku irin kallon da na sha ranar ba.

To bana tun Satumba na buga wa wani kamfani waya suka ba ni tsakiyar Oktoba, ranar Juma'a. Su uku suka zo da mota tana janye da ƙaton injin hura iska. Gaskiya aikin bututun nan ba abin da zan ce sai madalla. Suka rufe ruwan daga cikin gida, suka jona injin da bututun ban-ruwan ciyawa da ke binne, suna hurawa layi-layi, kana tsaye za ka ga kawunan sun ɗago suna feso ruwa, can ya koma kamar hazo, can sai iska zalla tana huci. Minti ashirin an gama. Babbansu ya ja ni ɗakin ƙasa ya nuna min makunnin famfon waje, ya ce rufe nan ka bar na waje a buɗe ya tsane, ka naɗe tiyo ka kai gareji. Abin da da na san shi bara da ban biya mai gyaran famfo ba. Sun kwashe ganyen da ya toshe indararo, sun kuma zagaye ɗan itacen tuffata da ragar waya saboda zomaye, don in dusar ƙanƙara ta rufe komai ɓawon bishiya suke gwaigwaya, in suka zagaye gindin kuwa shikenan ta mutu.

Sai na tafi masallaci. Nan na yi kuskure.

Ina da 'yan kwamai huɗu a bayan gida. Mako ɗaya kafin nan na dasa tafarnuwa, don a nan ƙasar a Oktoba ake dasa ta, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara a cire ta wajen Yuli. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya koya min, shi ya ce in daddatsa busasshen ganye in lulluɓe ta da kauri don kar ƙasa ta yi ta daskarewa tana narkewa ta tunkuɗo ƙwayar waje. Kwana biyu ina wannan aikin da manjagara, bayana har yanzu bai yafe min ba. Ina dawowa na tarar kwamin fes kamar an share masallaci, sun bi da injin busa ganye sun tattare komai sun cusa a buhunan takarda sun jera a bakin titi, suna ma murna sun yi aiki mai kyau.

Wannan ma da sauƙi. Yakuwata fa? Duk wanda ya taɓa shuka yakuwa a nan ya san wahalarta, ba ta fure sai rana ta fara gajarta, lokacin kuma sanyin ya ƙaraso, kullum tsere ake. Ni kuma na ci alwashin bana sai na sha zoɓon gonata ko kofi ɗaya ne, duk daren da aka ce sanyi zai sauka kusa da 0 a ma'aunin Celsius sai in fita da tsofaffin zannuwan uwargida in rufe ta, da safe in yaye. Ta fara 'yan jajayen kawuna kenan, tara na ƙirga da safen nan. Sun sare ta daga gindi, wai sun zata ciyawa ce. Kai jama'a. Na faɗa wa matar ofishinsu a waya kar a taɓa kwamai, ashe saƙon bai isa wajen yaran ba.

Na kira, sun ba da haƙuri ba gardama, washegari aka kawo min damin tattaka na sake rufe tafarnuwar, amma ko sisi ba su rage a kuɗin ba, yakuwa kuma ai ba a ɗinke ta.

Don haka bututu da indararo ku kira su, kuma ku yi da wuri, dattijon nan kullum sai ya tuna min guguwar ƙarshen Oktoban 1991 da ta zuba musu dusar ƙanƙara sama da inci 28 a Miniyapolis mutane ba su ko kwashe ganye ba. Amma in kuna da shukar gida, ku tsaya a kansu ko ku ɗaura igiya ku zagaye, ba su san alayyahu ba balle rama. Zogalena kaɗai ya tsira, shi ma don yana cikin bokiti na riga na shigo da shi falo, ga shi can bakin taga yana ta zubar da ganye a kan kafet, uwargida ta ce ko shi ko ita.